KWANA BIYAR A ALƘAHIRA KAFIN A SHIGA AJI

A 'yan shekarun nan yaranmu na Zango da ke jami'a suna samun wata dama wadda mu ba mu samu ba a zamaninmu, watau a tura ɗalibi wata ƙasa ya yi zangon karatu guda, wata huɗu ko biyar, sa'an nan ya komo ya ƙarasa digirinsa a gida. In takardar ta zo wa ɗa namiji, sai ka ji ana ta barka. In kuwa ta zo wa 'ya mace, to shawara ta tashi ke nan a zaure da cikin gida, wannan ya ce a bari sai ta yi aure, wancan ya ce garin ya yi nisa, har lokaci ya wuce yarinya tana zaune. Na san gidaje a Kumasi da aka yi haka.

Da aka zaɓi 'yata, mai karatun Larabci, ta je Alƙahira, ni ma na sha irin wannan shawara. Abin da muka yanke ni da uwarta shi ne, zuwa da kai ya fi aike. Muka kwashi adashin da muka daɗe muna zubawa, muka ɗauki ƙaninta ɗan shekara goma sha biyu, muka raka ta tun sauran kwana biyar a buɗe makaranta, domin mu ga garin da idonmu, ita kuma ta taka shi da ƙafarta tun muna kusa. Ga abin da muka gano.

Isowa

Daga Ankara zuwa Alƙahira tafiyar wajen awa shida ce a jirgin sama, kuma a lokacin sanyi agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Sai mutum ya riƙe katin allurar shawara tare da fasfo, don ana tambayarsa. Ƙarshen watan Janairu muka sauka, muka tarar da sanyin da ya fi hunturun Tamale, ga shi gidajensu an gina su ne don zafi, saboda haka ɗaki ma bai raba mutum da rawar ɗari. Sayayyarmu ta farko a ƙasar Masar bargo ne da rigunan sanyi.

Birnin da kewayensa ya haura mutum miliyan 20, watau fiye da rabin mutanen Ghana duka. Ƙarar oda ba ta yankewa dare da rana. Wanda ya iya tsallake titi a Kejetia zai ɗauka ya ƙware, to a can sai ya koma ɗan koyo. Dabarar ita ce ka laɓe gefen wani ɗan gari, in ya taka ka taka.

Nan da nan kuma yarinyar ta gane Larabcin littafi daban, na titi daban. Ta yi wa direban tasi magana da nahawu tsaf, ya juyo yana murmushi, ya ce da ita ai kamar mai karanta labarai a rediyo. Su a bakinsu harafin jimun ya koma "ga", raƙumi ya zama gamal, ƙafun kuwa sun haɗiye shi, gahawa ta zama ahwa. Ta ce da ni, "Baba, ashe karatu biyu na zo yi." Na ce mata haka kakanninta suka yi da Tuwi a kasuwar Kumasi, da kunne suka koya.

Azhar, inda aka riga mu zuwa

Kashegari da safe muka nufi masallacin Azhar. An ɗora harsashinsa a shekarar 970, aka fara sallar Juma'a cikinsa a 972, zamanin Faɗimawa, kuma har gobe ana karatu a ciki. Da ka cire takalmi ka shiga tsakar masallacin mai farin dutse, hayaniyar titi sai ta ɗauke. A jikin ginshiƙai ga ɗalibai zazzaune ƙungiya-ƙungiya, na Indunusiya, na Turkiyya, na Senegal, kowa da littafi a cinya, kamar dai zauren malam bayan sallar asuba.

A da kowace al'umma tana da nata sashe a jikin masallacin, wanda ake kira ruwaƙi, inda ɗalibanta ke kwana, a ba su gurasa daga dukiyar waƙafi. Akwai na Magaribawa, akwai na mutanen Sham, akwai kuma na Barnawa da na Takarori, watau mutanen ƙasashenmu na yamma. Tun ma kafin wannan, cikin shekarun 1240, mutanen Kanem sun kashe dukiyarsu an gina musu makarantar Malikiyya a tsohon birnin, wadda ake kira makarantar Ibn Rashiƙ, inda matafiyansu ke sauka. Mai karatu ya lura, masaukin baƙi da wurin karatu a haɗe, ƙarƙashin wani babba da ke kula da su. In ba zango ba, mene ne sunan wannan?

Na kuma ba yaran labarin Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina, wanda ya bar gida don aikin hajji, ya zo ya zauna a Alƙahira yana koyarwa, ya yi rubuce-rubuce kan ilimin lissafi da hatimi. A 1741 ya rasu a gidan abokinsa Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Mutumin Katsina ne, da ƙafa da raƙumi ya zo, kuma malaman birnin suka karɓe shi a matsayin malami.

Bayan masallacin akwai lunguna cike da shagunan littattafai. Nan na ga irin littattafan nan masu rawayar takarda da muka tashi muna gani a gafakar iyayenmu, waɗanda ake ce wa bugun Misira. Tafsirin Jalalaini da ake karanta mana kowane watan azumi a masallatan Zango, malamai biyu na wannan birni ne suka rubuta shi, Jalaluddini al-Mahalli da almajirinsa Jalaluddini as-Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Muhtasar na Shehu Halilu ma, da malamanmu ke taƙama da sauke shi, a nan aka wallafa shi. Uwar yaran ta ce, "Malam, ashe mun daɗe muna cin abincin garin nan ba mu san murhun ba."

Da ka tsallake titi sai masallacin Sayyidina Husaini da kasuwar Khan al-Khalili, wadda ta faro tun ƙarni na 14. Turare, tasbaha, fitilun tagulla, sarƙoƙi, ba abin da babu. Farashin farko na baƙo ne. Amma wanda ya auri 'yar kasuwar Kumasi ba ya jin tsoron ciniki ko da ba ya jin harshen. Da yatsu da girgiza kai Hajiya ta raba kuɗin mayafi gida biyu.

Maganar 'ya mace

Rana ta uku muka ziyarci kabarin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a Masar a shekarar 820, daga nan muka zarce masallacin Sayyida Nafisa. Wannan baiwar Allah tattaɓa-kunnen Sayyidina Hasan ce, ta taso daga Madina ta zauna a Masar har ta rasu a 824. Malamar hadisi ce, kuma littattafan tarihi sun kawo cewa Imamu Shafi'i da kansa yakan je wurinta, da ya rasu ma sai da aka biya da gawarsa ta gidanta ta yi masa salla. Na daɗe a tsaye a wurin ina tunanin masu cewa karatu mai nisa ba na mace ba ne. Jami'ar Azhar ita ma ta buɗe wa mata ƙofa bayan dokar gyara ta 1961, yau tana da kwalejojin mata masu zaman kansu.

Sai dai tarihi ba ya kwantar wa uwa da hankali, abin da ta gani da ido shi ke yi. Don haka muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1987, shi ne kuma na farko a Afirka. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun da aka keɓe wa mata zalla. Na sa yarinyar ta sayi tikiti da kanta, ta karanta taswira, ta shiga taragon mata da uwarta, ni da yaron muka shiga na gama-gari, muka haɗu a tashar da ita ta zaɓa. Sau uku muka yi hanyar masaukinta zuwa makaranta, har ta san inda ake sauka da inda ake canja layi. Ba zan ɓoye muku ba, Alƙahira kamar kowane babban birni tana da samari marasa kunya masu jifan mata da magana a hanya, baƙar fata kuma wani lokaci yakan ji kalmar da ba ta yi masa daɗi ba. Mun faɗa mata wannan a fili, muka ce ta riƙa tafiya da ƙawaye, kada dare ya same ta a waje ita kaɗai.

Dala da gawar sarakuna

Rana ta huɗu ta ƙaninta ce, don tun daga gida ba shi da magana sai dalar Giza. Babbar cikinsu, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500, tsawonta na asali mita 146, dutse guda na ƙasanta ya kusa kai ƙirjin babban mutum. Hoto ba ya nuna girmanta. Gefe kuma ga gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda Misirawa ke kira Abul Haul. A kusa da nan ne Mansa Musa sarkin Mali ya yada zango a 1324 kan hanyarsa ta Makka, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwar birnin. Masu raƙuman haya suna da naci, saboda haka a gama magana kan kuɗin hawa da na sauka tun ƙafa tana ƙasa.

Kusa da dalar akwai sabon gidan tarihi babba da aka yi bikin buɗewa a watan Nuwamba na 2025, inda aka tara kayan kabarin sarki Tutankamun. Gawarwakin sarakunan kuwa, guda 22, tun 2021 aka mai da su wani gidan tarihin a unguwar Fusɗaɗ. Can muka ga Ramsis na Biyu kwance cikin gilashi, gashinsa da farcensa duk suna nan. Yaron ya ja hannuna ya ce, "Baba, shi ne Fir'aunan Annabi Musa?" Na ce masa masana ba su haɗu a kan wane ne ba, amma kowane ne, ga ƙarshen mulki nan yana gani. Ba nisa daga nan sai masallacin Amru ɗan Asi na shekarar 642, na farko a ƙasar Masar, maƙwabcin tsofaffin majami'un Kibɗawa. Wannan ya tuna mini Fathia, matar Kwame Nkrumah, wadda ita ma Bakibɗiya ce 'yar Alƙahira. An ɗaura aurensu a ƙarshen 1957, ta rasu a 2007, aka kawo ta Ankara aka binne kusa da mijinta. Dattijon da ya sayar mana da shayi, da jin mun ce Ghana, sai ya ce Nkrumah da Nasir, ya haɗa yatsunsa biyu.

Batun abinci kuwa ba mu sha wuya ba. Koshari, watau shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, ɗan uwan wakye ne, ga araha. Ta'amiyya ƙosai ce ta waken ful, ana tura ta cikin gurasa da safe. Abin da babu shi ne yaji irin namu, don haka kwalbar shito da Hajiya ta ƙunso ta fi komai daraja a cikin kayan yarinyar.

Rana ta ƙarshe

Ranar ƙarshe ba yawo muka yi ba, aiki muka yi. Muka je ofishin jakadancinmu aka rubuta sunanta, muka tambayi yadda ake neman takardar izinin zama, muka saya mata layin waya, muka gano asibiti da kantin magani mafi kusa. Muka kuma nemi ɗaliban Ghana da suka daɗe a garin. Cikinsu muka samu wata matar aure 'yar Nima, mijinta yana karatu a Azhar, muka danƙa mata amanar yarinyar a gaban mijin, kamar yadda ake kai baƙo wurin maigida a Zango. Da yamma muka hau ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai a kogin Nilu, kiran sallar magariba yana tashi daga hasumiyoyi ta ko'ina. Uwar ba ta ce komai ba, hannun 'yar kawai ta riƙe.

To 'yan uwa, na san ba kowa ke da halin sayen tikiti huɗu ba. Wanda ba zai iya ba, mutum ɗaya ma ya isa, uba ko kawu ko yaya. Wanda ko wannan ya gagare shi, ya nemi ɗan gida a can tun kafin tafiya, ya yi magana da shi baki da baki ta waya, ya san unguwa da masauki da wanda zai tarbi yaro a filin jirgi. Abin da bai kamata ba shi ne takarda ta zo a tura ta ƙarƙashin katifa saboda tsoron garin da ba wanda ya je ya gani. Mu da kakanninmu suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna suna bin goro har Salaga da Kumasi, suka zauna cikin mutanen da ba su jin harshensu, suka yi mutunci da su, bai dace a ce mu ne ke tsoron baƙunci ba.

Allah ya tsare mana yaranmu a duk inda suke neman ilimi, ya komo mana da su lafiya da abin da zai amfani jama'a. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.