Tampol a Wonaka: Abin da Ke Tsakanin Hatsi da Ƙasa

Idan ana lissafin kayan noma a ƙasar Gusau, fartanya da garma da taki ake fara ambata. Ba kasafai ake tuna tampol ba. Ni kuwa, bayan shekarun da na yi ina bin kasuwannin hatsi daga Wonaka zuwa Tsafe da Bunguɗu, ina ganin wannan shimfiɗa ce ke yanke hukuncin ko wahalar damina za ta zama riba ko asara.

Aikinsa na farko shanya ne. Masara da gyaɗa da waken suya suna barin gona da sauran danshi a jikinsu. Idan aka baza su a ƙasa ko a gefen kwalta, sai su kwashi tsakuwa da kashin dabbobi, dillali kuma ya rage kuɗin buhu saboda datti. Wannan asara ce da ido ke gani. Wadda ba a gani ta fi muni. Akwai funfuna a cikin ƙasa da ke kama gyaɗa da masara masu laima, tana haifar da gubar afulatoksin, wadda dahuwa ba ta kashe ta, kuma tana jawo ciwon dajin hanta. A Kenya, cikin 2004, mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta gurɓace da ita. Masana na ba da shawarar a busar da masara har danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin ɗari kafin a adana ta. Tampol yana raba hatsi da ƙasa, kuma idan hadarin ƙarshen damina ya taso, mutum biyu sun isa su naɗe shanyar kafin ruwa ya sauka.

Na biyu shi ne sussuka. Kwanson waken suya yana fashewa da zarar ya bushe, ƙwayar ta tarwatse. A masussukar ƙasa, wani kaso yana nutsewa cikin turɓaya, ya zama rabon kaji. Wata gyatuma da nake saya wa goro a Wonaka ta nuna mini abin da ta tattara daga gefen tampol bayan an gama sheƙa, kusan tiya guda, ta ce: "Ɗan nan, da can wannan ƙasa ke cinye shi." A gidan da ake auna tuwo da kwano, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Rashin tsaro ya ƙara wa tampol daraja. A da, damman gero da dawa kan kwana a gona har su bushe sarai. Yanzu, a yankunan da 'yan bindiga ke ɗora wa manoma haraji kafin girbi, ba mai barin amfaninsa a daji. Ana yanka shi cikin gaggawa, wani lokaci bai gama bushewa ba, a kawo gida ko a tura Gusau. Ke nan shanyar da ake yi a fili ta koma tsakar gida, inda wuri ya yi kaɗan, awaki kuma suna yawo. Shi ne kuma ke rufe buhuna a bayan mota, ya kare harawa da karan dawa na dabbobi daga raɓa. Ga waɗanda aka raba da garuruwansu, har rufin ɗaki ya zama.

Sai dai yana da ƙa'ida. Lulluɓe hatsi mai danshi da tampol kamar dafa shi ne a hankali, domin zufa na taruwa a ciki, funfuna ta samu wurin zama. Rufi na dare ne da lokacin ruwa. Da rana a buɗe, a riƙa juyawa. Buhunan da za a rufe a ɗora su bisa katako, kada su taɓa ƙasa. Wanda aka zuba wa taki ko maganin feshi kada a shanya abinci a kansa. Kuma tampol ba rumbu ba ne. Ajiyar wake ta watanni ta fi dacewa da buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, domin yana hana ƙwari iska har su mutu.

Mai kauri yana da tsada, shi ya sa da yawa ke farke tsofaffin buhuna su ɗinke su wuri guda. Dabara ce mai kyau ga shanya, amma ruwa na ratsa ta. Zamfara na kiran noma abin alfaharinta, kuma duk shekara hankali na karkata ga rabon taki a farkon damina. Da ƙungiyoyin manoma da ƙananan hukumomi za su tanadi tampol na aro ko na haya mai sauƙi a kowace gunduma kafin watan Oktoba, da takin da aka zuba bai ƙare a bakin funfuna ba.