Dattijo da Jigawar Gabas

A arewacin Gumel, kan hanyar da ta nufi Maigatari, akwai wani ɗan ƙauye wanda a gabashinsa wata jigawa ta yi kwance kamar raƙumi ya durƙusa. Rabinta gona ce, rabin kuwa an bar shi saura tun shekaru masu yawa, ba abin da ke kansa sai sabara da kalgo da tumfafiya, da karangiya wadda ba ta barin bakin wandon baƙo ya wuce lafiya. Mai wannan wuri wani dattijo ne da ya ba shekara saba'in baya. A kan rabin nan da ba a nomawa ne shi da babban ɗansa suka shafe rani guda ba su ga maciji.

Kafin a shiga maganar tasu, ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da ake jayayya a kanta. Jigawa ƙasa ce da iska ta tara, ba ruwa ne ya kwantar da ita kamar lakar fadama ba. Masana sun nuna cewa shekaru dubbai da suka wuce, wajen dubu 20 zuwa dubu 12, an yi wani dogon zamani na fari wanda a cikinsa hamadar Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomitoci. Iskar arewa maso gabas ta yi ta kwasar rairayi tana jibgewa jere-jere, shi ya sa har yau tuddan suke miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, da kwaruruka a tsakaninsu. Da damina ta dawo sai ciyawa da itatuwa suka ɗaure su, suka daina tafiya. Daga irin wannan ƙasa ce jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta samo sunanta. Watau dai jigawa hamada ce da ta yi barci, saiwar tsiro ce kuma bargon da ta lulluɓa da shi.

Dattijon bai karanta wannan a takarda ba, amma ya san halin ƙasar kamar yunwar cikinsa. Ya san cewa ba ta riƙe ruwa, domin ƙwayoyinta manya ne, ruwa yakan zurare ta tsakaninsu kamar an zuba a rariya, ya tafi da ɗan abincin da ke cikinta. To, amma fa ya san wani abu da baƙo bai sani ba: a ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 ba, wannan aibi shi ne kuma alherinta. Ruwan da ya sauka a jigawa ba ya gudu zuwa kwari, nutsewa yake yi nan take. Da rana ta buɗe sai saman ƙasar ya bushe ya zama murfi, ya hana laimar da ke ƙasa tashi. Yayyafin da ba zai jiƙa laka ba ya isa ya tsirar da gero a jigawa, saiwarsa kuma ta bi laima ta nutsa fiye da kamu biyu. Don haka ne ake yin binne a cikinta tun kafin ruwa ya sauka, don haka ne kuma wake da riɗi da guna da yakuwa suke jin daɗinta. Ga sauƙin aiki: fartanya ba ta gardama, yaro ma ya iya yin huɗa.

Sauƙin aikin nan shi ya yaudare shi yana saurayi. A zamanin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, ba ƙasar da ta fi jigawa daraja, domin gyaɗa tana son ƙasa mai laushi inda za ta binne 'ya'yanta, a kuma tuge ta ba tare da ta tsinke ba. Shi da mahaifinsa suka sassabe jigawar gabas ɗungurungum, suka tono kututture suka ƙone, suka share ta tas kamar tsakar gida. Shekara huɗu ta ba su abin da ya yi masa aure da keke. Sa'an nan sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, a 1975 kuma cutar da kwarkwatar tsiro ke yaɗawa ta gama da gyaɗar arewa. Tugar gyaɗa ta riga ta bar ƙasar a sake, ba kara, ba kututture, dabbobin da yunwa ta koro daga arewa kuma suka tattake abin da ya rage. Da hadarin farkon damina ya taso daga gabas, sai ƙasar ta tashi. Ya ga rairayi yana gudu a ƙasa kamar ruwa, yana yanke geron da ya tsiro, yana binne wanda ya ragu. Wata shekara sau uku yana shuka. Kafin farin 1984 ya wuce, yashi ya cinye dangar gidaje biyu na gefen gari, ya cike wata rijiya.

Tun daga nan ya ɗauke hannunsa daga rabin jigawar da ke fuskantar iska. Sai da ta yi shekara da shekaru kafin ta sake yin gashi. Karangiya ce ta fara komowa, ita da ake zagi, alhali ita ce ta ɗinke bakin ƙasar, ɗanyarta abincin dabba ce, ƙwayarta kuma an ci ta a shekarun yunwa. Sabara ta biyo baya, tana tare ƙura da ganyaye a gindinta har ta yi ɗan tudu mai baƙar ƙasa. Ƙurar hunturu ma, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, takan sauka ta bar ɗan gishirin da ƙasa ke bukata, in ta sami abin da zai tare ta. A nan Fulani ke sauka bayan kaka. Shanu su yi kiwo a saura da rana, da dare su kwana a rabin da ake nomawa, su bar taki. Dattijon yakan ce rabin da ba ya nomawa shi ke ciyar da wanda yake nomawa.

Ɗan nasa ba wawa ba ne, kuma maganarsa ba ta wofi ba ce. Gidan da ke da baki takwas a 1984 yanzu ya haura talatin, gona kuwa ba ta haihuwa. Ya ce, "Baba, jikokinka ba za su ci sabara ba. Kowa ya nome saurarsa, mu kaɗai muka bar wa shanun wasu." Yana so ya ɗauko tarakta haya, a kife wurin gaba ɗaya, a zuba riɗi, wanda a yanzu yake da irin kasuwar da gyaɗa ke da ita a da. Uban, wanda alkunya ba ta barin ya kama sunan ɗan fari, sai ya ce, "Kai wannan, na taɓa ganin ƙasar nan tsirara, ban kuwa so abin da na gani ba." Gaskiyar kowannensu ba ta kashe ta ɗan'uwansa ba, shi ya sa abin ya daɗe.

Wani baƙo daga ƙasar Maraɗi, wanda ya zo cin kasuwar Maigatari ya kwana a zaurensu, shi ya kawo magana ta uku. Ya ba su labarin sassaben zamani, wanda ya fara bazuwa a wajensu tun 1983: manomi ba ya tone kututture, sai ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, guda biyu ko uku, ya datse sauran, ya bar su su zama itace a tsakiyar gero. Ana ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da wajen kadada miliyan 5 a Nijar. Ya kuma tuna musu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ya kuma yi kore da rani sa'ad da dabba ke neman abin ci.

Ba wanda ya ce ya yarda a daren nan. Amma da bazara ta kama, aka ga uba da ɗa sun fita da sassafe, sun auna kashi ɗaya cikin uku na saurar, ɓangaren da ke bayan tudu inda iska ba ta da ƙarfi. Ba a kira tarakta ba, da garmar shanu aka yi huɗa, aka karkata kunya ta gicciye hanyar iska, aka bar kowace sabara da kalgo a inda take, aka shimfiɗa karan bara a kan ƙasa maimakon a kai shi gida. Ƙoƙon tudun kuwa dattijon ya ce ko bayan ransa kada a taɓa. Ɗan bai amsa ba, ya dai ci gaba da datse toho. Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas, dattijon ya bar zaure ya je ya tsuguna a bakin sabuwar gonar, ya rufe hanci da rawani, yana duban ko ƙasa za ta tashi.