Wuƙar Ado da Wuƙar Aiki

A wajenmu, ƙasar Sanyinna ta Tambuwal, wuƙa iri biyu ce. Akwai ta ado, akwai ta aiki. Maƙeri ɗaya ne yakan ƙera su, sau da yawa kuwa daga tsohon sifirin mota guda. Amma da sun bar maƙera sai hanyarsu ta rabu. Ta ado takan tafi wurin baduku, ya ɗinka mata kube da jar fatar akuyar Sakkwato, ya yi masa zane da tuntaye. Ta aiki kuwa sai a miƙa wa mahauci ko uwargida, ranar nan ta soma shan wahala.

Kawuna yana da wuƙaƙen ado guda bakwai rataye a bangon zaurensa. Kowane baƙo ya shigo sai ya yaba. Wata shekara bayan damina ya so ya nuna wa wani baƙo babbar cikinsu, ya ja, ya ja, ta ƙi fita. Laima ta shiga, tsatsa ta haɗe ta da kube. Wuƙar innata kuwa ba ta da kube ko kaɗan. Yawan wasawa a dutse ya cinye ta har ta zama siririya, amma kullum tana walƙiya, gama kullum tana cikin albasa da kuɓewa da nama. Ita ta ciyar da mu.

Kada mai karatu ya ce ina ƙin ajiya. Akwai makaman da hutawarsu alheri ce. A Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831 ta zama gidan tarihi na Kanta a 1958. Can an ajiye takuba da masu na zamanin yaƙe-yaƙe. Bari su zauna, yara su gani, su gode wa Allah domin salama.

Amma akwai takobi ɗaya da ba a ba mu domin rataya ba. Ibraniyawa 4:12 da Afisawa 6:17 sun kwatanta Maganar Allah da takobi. Tun 1932 muke da dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar shekaru da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Ba su fassara shi domin a jera shi kamar kwanonin amarya ba.

Duk da haka na shiga gidajen masu bi inda Littafin yake naɗe cikin ƙyalle a ƙasan akwati, ko bisa tebur kusa da rediyo, ƙura ta rufe shi. Ranar ciwo, ko gardama, ko jaraba, maigida zai nema ya zare, ya tarar hannunsa bai saba ba. Littafin ba ya tsatsa, mai shi ne yake yi. 'Ya'yanmu kuwa suna kallo. Abin da uba ya rataya, su ma ratayawa za su yi.

'Yan'uwa, ku sauko da shi. Bayan tuwon dare ku tara iyali, yaro ɗaya ya karanta aya biyar, a yi addu'a. In bango ya yage, baduku zai ɗinke. Gara Littafin da hannu ya tsufar da shi da wanda gara ta ci a akwati.