Daɓen Katako a Falonmu

A hutun ƙarshen shekarar 2023 Baba ya gama ginin sabon falonmu, saura daɓe. Nan fa gardama ta tashi. Baba ya ce a shafe da siminti, a shimfiɗa leda, a huta. Inna tana son tayil. Yaya kuwa ya kafe sai daɓen katako mai ruwan toka, irin wanda ya gani a Abuja. Kaka ce ta raba gardamar, domin ta taɓa zamewa a kan tayil, ta yi wata biyu tana ɗingishi. Ta ce ita da tayil haihata haihata.

Ni na raka Baba da Yaya kasuwa. A can na gane ashe yawancin abin da ake kira daɓen katako ba zallar katako ba ne. Garin itace ne ake matsewa ya yi tauri, a manna masa hoto mai kama da jikin katako, sannan a rufe da wani abu mai hana ƙarzuwa. A ƙasar Suwidin aka ƙirƙiro shi a 1977. Mai shagon ya gargaɗe mu cewa ba ya shiri da ruwa, kuma yana buɗewa da damina, ya tsuke da hunturu. Saboda haka sai an shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa, an bar 'yar tazara kamar milimita 10 a jikin bango.

Wajen launi muka daɗe. Yaya yana son mai duhu. Baba ya shafa yatsa a kan samfurin, sai ga sawu a cikin ƙura. Ya ce, "Kai yaro, ka manta da hazon Kano? Wa zai riƙa sharar wannan sau biyar a rana?" Muka ɗauki mai haske, wanda ya ɗan sirka da ruwan ƙasa. Da Inna ta gani ta ce wannan ai tokar murhu ce. Ni ma a raina na yarda da ita, amma da aka sa jan kafet da labule sai falon ya fito.

Ranar da ake shimfiɗawa Kaka ta yi ta mamaki, wai mutum biyu sun gama kafin la'asar. A zamaninsu mata ne ke taruwa da madaɓai, suna duka suna waƙa, a yayyafa makuba ta ɓawon ɗorawa har ƙasa ta yi sulɓi.

Ba a yi wata uku ba na ajiye buta mai yoyo a bakin ƙofa, ta kwana a nan. Da safe katako biyu sun kumbura a gaɓa. Gabana ya faɗi, don na san da kuɗin sallamarsa daga aiki Baba ya yi falon. Na je na faɗa masa da kaina. Ya yi shiru, can ya ce in ɗauko ragowar da ya ɓoye a ƙarƙashin gadonsa. Kuɗin mai gyara kuwa, a kuɗin tarata aka cire, har ƙarshen zangon karatu.