Garkuwar da Kaka Ta Riƙe

A ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi ba a ambaton Shaiɗan da wasa. Iyayenmu Maguzawa ne da suka karɓi bishara da girmansu. Sun san gindin tsamiyar da ake yanka wa Doguwa akuya, sun kwana sun tashi cikin tsoron iskoki. Don haka idan mai bishararmu ya buɗe sura ta 6 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa a sujadar yammacin Laraba, kowa yakan natsu, domin zancen abokin gaba ne da suka yi wa bauta shekara da shekaru.

Majami'armu ta ECWA ce, ginin laka da jinkar ciyawa, wurin zama kuwa dakalin ƙasa ne da mata suka daɓe. Littafin da ke hannun Malam, haka muke kiran mai bisharar, tsohuwar fassarar nan ce ta 1932 wadda Likita Miller na Wusasa ya sha aiki a kanta, bangonta ya mutu har an ɗinke shi da fatar akuya. Yakan lissafo kayan yaƙin ɗaya bayan ɗaya: ɗamara, sulke, takalma, garkuwa, kwalkwali da takobi. Ba baƙinmu ba ne, mun gan su a jikin mahayan Galadiman Katsina ranar hawan sallah. Mu yara takobi muke so. Malam kuwa a kan garkuwa yake daɗewa. Ya ce ta sojan Rum katako ce doguwa da aka lulluɓe da fata, akan jiƙa ta don kibiya mai wuta ta mutu a jikinta, kuma mayaƙa kan jera kafaɗa da kafaɗa, garkuwar wannan ta kare wancan. "Ba a aike ku farautar Shaiɗan ba," in ji shi. "Cewa aka yi ku tsaya da bangaskiya. Shi ne zai gaji ya gudu."

Da dare mukan cika tsakar gidan Kawu mu saurari Muryar Bishara, shirin da ake haɗawa a Jos a watso shi daga Addis Ababa, kafin sojojin Habasha su karɓe tashar a 1977. Ran Alhamis kuma 'yan zumuntar mata na kaɗa tulu da caki. Ko yau na ji amon tulun nan, sai ƙirjina ya cika.

Amma wadda ta sa karatun ya zauna mini Kaka ce, da bazarar da ƙyanda ta shigo gari. Kusan kowane gida akwai yaro a kwance. Ƙanwata, 'yar shekara uku, idanunta suka yi jawur, jikinta ya feso, numfashi ya gagara. Cikin zafin zazzaɓi ta ambaci sunan wata tsohuwa da ke bakin gari, gwauruwa, ba ɗa ba jika, wadda ba ta taɓa taka majami'a ba. Kafin azahar magana ta gama gari: mayya ce, ta kama kurwar yarinya. Samari suka taru a ƙofar gidanmu, wasunsu 'yan mawaƙan majami'a, suna cewa a jawo ta ta tsallaka yarinyar ta saki kurwa, in ta ƙi ta sha sanda. Wani ƙanen Baba ya zo da laya a tafin hannu, ya ce a ɗaura, ai ba wanda zai gani.

Kaka ta fito ta zauna a bakin zaure, ta miƙe ƙafafu ta tare ƙofa. Ba ta iya karatu ba, amma ta haddace abin da Malam ya sha nanatawa, cewa yaƙinmu ba da ɗan Adam ba ne. Ta dubi Baba ta ce, "Ɗan nan, ni na yi bori kafin a haife ka, na san yadda Shaiɗan yake shigowa. Tsoro yake fara harbo maka, sannan ya nuna maka fuskar maƙwabcinka. Ku koma gida." Ta karɓi layar ta mayar wa mai ita, ba zagi ba tsawa. Sannan ta sa aka goya yarinyar, Baba ya ɗauki keke, aka nufi ɗakin shan magani na mishan, ita kuma ta tara mata suka durƙusa a tsakar gida.

Ƙanwata ta rasu a hanyar dawowa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka bangaskiyar Kaka ciniki ce, a ba Allah addu'a ya biya da lafiya. Da ta warke, da kowa ya ce ga sakamako. Ta tafi, kuma a daren ne kibau suka fi yawa: da an bar samari, da an ɗaura layar, da da da. Inna ta yi kuka har muryarta ta dishe. Washegari da yamma Kaka ta zuba tuwon dawa da miyar kuka a akushi, ta ɗora mini a ka, ta ce, "Kai wa tsohuwar can, ka gaishe ta, ka ce ni na aiko ka." Na ratsa gari ƙafafuna na rawa, idanu na bina. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, leɓenta na karkarwa, ta kasa ko amsa gaisuwa.

Yanzu ina zaune a birni, kuma ina jin sunan Shaiɗan a lasifika fiye da yadda na ji shi duk ƙuruciyata. Ana kwana ana ɗaure shi, ana aika masa wuta. Ban raina addu'ar kowa ba, masu yinta da yawa nauyi ne na gaske ya kai su. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda sau da yawa ake tashi daga irin wannan taro da sunan mutum a baki: kishiyar uwa, surukar da ke ƙauye, marayan da aka ɗauko riƙo. Akwai yara da tsofaffi a ƙasar nan da aka kora daga gidajensu da sunan maita, wani lokaci da sa hannun masu riƙe da Littafi. Dabarar da Kaka ta tare a bakin zaure ke nan, ta samu ƙofa a buɗe. Manzo Bitrus, da ya yi gargaɗi a kan Iblis a sura ta 5 ta wasiƙarsa ta fari, natsuwa da zaman tsaro ya fara nema, ya kuma tuna wa masu bi cewa 'yan'uwansu ko'ina suna shan irin wannan wuya. Bai ba su sunan kowa ba.

Tsohuwar nan ta ƙara shekaru a garinmu, ba wanda ya sake ɗaga mata hannu. Har ta mutu ba ta zama mai bi ba, Kaka kuma ba ta fasa aika mata tuwo ba. Da damina samarin majami'a ne ke gyara mata jinka, har da waɗanda suka taru da sanduna a ƙofarmu. Ranar da ta rasu danginta na nesa suka zo suka binne ta bisa al'adarsu, Baba da ƙanensa ne suka haƙa kabarin.