Jakar Goyo da Bayan Mace

A 1955, Emma Gatewood, 'yar Amurka mai shekara 67, ta taka hanyar tsaunukan Appalachian, fiye da kilomita 3,000, da buhun da ta ɗinka da hannunta rataye a kafaɗa.

Matafiyar yau ta samu sauƙi, amma zaɓen jakar goyo na son natsuwa. Tsawon bayanta za ta auna, daga ƙashin wuya zuwa ƙugu. Kamfanonin Deuter da Osprey suna ɗinka jakunkunan mata da gajeren baya, madaurin kafaɗa mai kauce wa ƙirji, da ɗamarar da ke sauke nauyi kan kwankwaso.

Gindin jaka da zif ne ke saurin lalacewa, shi ya sa ake neman yadin Cordura da zif ɗin YKK.