Adireshin aro: me yake rufewa, me yake bari a buɗe?

Duk wanda ya gama bak a Gidan Sori ya san yadda neman burs yake: shafi kaza ya ce kawo imel, wani ma ya ce kawo. Wasu na gaskiya ne, wasu tarko. Bayan wata biyu akwatinka ya cika da saƙon "ka ci kyauta, turo jikka biyar". Shi ya sa na zauna na duba abin da ake kira adireshin aro. Kamfani ne yake ba ka wani adireshi na daban ka miƙa wa baƙo, saƙon ya bi ta hannunsa ya iso akwatinka na asali. In baƙon ya dame ka, sai ka kashe adireshin, shi ke nan.

Mafi sauƙi shi ne dabarar Gmail: ka ƙara alamar + da wata kalma bayan sunanka. Tana taimakawa ka gane wanda ya watsa adireshinka, amma ba ta ɓoye komai, don kowa na iya goge ƙarin ya ga na ainihi. DuckDuckGo kyauta ne, ya buɗe wa kowa a 2022, kuma yana cire ƴan leƙen asirin da ake ɓoyewa cikin saƙo. SimpleLogin na ba da adireshi goma kyauta. Firefox Relay da addy.io su ma suna da na kyauta, amma da iyaka. Na Apple kuwa sai mai iPhone da ke biyan iCloud+, mu ƴan Tecno da Itel sai kallo. Na kuɗin galibi katin banki suke so, ɗalibi nawa ne a nan ke da shi?

To, ga inda gizo ke saƙa. Kamar wasiƙar da ake aiko maka ta hannun mai shago ne a tashar Maraɗi: mai aikowa bai san gidanku ba, amma mai shagon ya san ka, ya san shi. Kamfanin aron ma haka, duk saƙonka ta wurinsa yake bi. Kuma yana ƙarƙashin dokar ƙasarsa. Proton, wanda ya sayi SimpleLogin a 2022, a 2021 hukumar Suwizalan ta tilasta masa bayar da lambar IP ta wani ɗan fafutukar muhalli na Faransa. Ga kuma wasu shafuka da ke ƙin karɓar irin wannan adireshi. In kamfanin ya rufe, ko ka mance kalmar sirri, duk abin da ka ɗaura a kai ya tafi. Don haka ni dai ban ba da shawarar sa shi a dosiyen ANAB ko rajistar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ba. Can kana son a same ka ko bayan shekara uku.

Amma babbar ɓarakarmu ba a imel take ba. Fom ɗin da ka sa wa adireshin aro, a layi na gaba ya nemi lambar waya, ka rubuta. Lambar nan da takardar shaidarka aka yi mata rajista, ita ce WhatsApp ɗinka, ita ce asusun kuɗinka. Sannan da yawanmu mai gyaran waya ne ya buɗe mana Gmail, har yau kalmar sirrin na hannunsa. Wata kuma wayar yayanta take ara, akwatin a buɗe. Wane adireshin aro zai toshe wannan?

Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP a Yamai. Sai dai kafin ƙara ta kai can, gara ka fara da abin da ke hannunka. Canza kalmar sirri yau, ba gobe ba. Ka fita daga akwatinka in ka gama da wayar aro. Shafin da ba ka yarda da shi ba, ba shi adireshin aro, lambarka kuwa ka hana. In ya nace sai da lamba da hoton kati kafin ka ga ko sharuɗɗan burs ɗin, ɗan'uwa, rufe shi kawai.